Kujerar Mai Tafiya

A Zangon Kumasi idan ka ce Idirisu sai ka ƙara bayani, don masu sunan sun yi yawa. Akwai mahauci, akwai tela, akwai ladanin masallacin bakin hanya. Namu shi ne Idirisu Zagaye, mutumin Birnin Ƙonni, dogo siriri mai faɗin ƙafa. Ya shigo garin ne a ƙasa, yana koro shanun wani, lokacin yana da shekara ashirin da biyu. Ya ce zai huta wata ɗaya ya koma gida. Zuwa shekarar 1969 hutun nasa ya kai shekara talatin da biyar.

A gidan Alhaji Kassim mai masauki yake aiki. Fatake su zo daga arewa da shanu, su sauka gidan, a sayar musu, a sayo musu goro, a ɗaure huhu. Akwai masu dillanci, akwai masu dako, Idirisu ba ya ko ɗaya. Nasa aikin sai an gama komai yake farawa. Ranar jajibirin tafiya sai ya sa farar rigarsa, ya ɗauki baƙar laimarsa ko da hadari ko babu, ya kai baƙo ya ga gari. Alhaji ya daɗe da gane cewa baƙon da ya koma gida da labari a baki ba ya dawowa shi kaɗai badi, don haka bai taɓa raina wannan yawo ba, duk da 'yan gidan na cewa Idirisu gantali ake biyansa ya yi.

Zagayen yana da tsari, kuma ba a saɓa shi ko don sarki. Da hantsi a ratsa babbar kasuwa, ba tsayawa, don baƙon ya riga ya gaji da ita. A ɓulla tashar jirgin ƙasa daidai lokacin da jirgi ke gab da shigowa. Nan Idirisu zai sa baƙo ya durƙusa can gefe ya ɗora tafin hannu a kan ƙarfen dogo, ya ji yana rawa tun ba a hango hayaƙi ba. Daga nan a juyo Kejetiya, inda motoci suka fi tururuwa yawa. Sai ya tsayar da mutum a wani ɗan tudu ya ce, "Faɗi sunan gari." Ka ce Tamale, ya nuna da bakin laima. Ka ce Ankara, ka ce Wanki, ka ce Salaga, laimar na juyawa ba ta kuskure. Har rubutun da ke goshin motocin yake karanta wa baƙo ya fassara, alhali ko bihim bai sani ba a boko. Launin fenti ya haddace, da abin da direbobin suka taɓa gaya masa.

Da aka buɗe gidan namun daji kusa da tashar sai ya saka shi cikin tsarin, amma bai taɓa ɓata lokaci a kejin zaki ba. Ya ce wanda ya kwana daji da shanu ba za ka burge shi da zakin da ake kawo wa abinci ba. Wajen babban birin nan mai hannu irin na mutane yake kai su, su yi ta salati.

Sannan a hau tudun Adum, kuma nan ne zuciyar abin. Titin kwalta, benaye, akawuna da farar riga da igiyar wuya, manyan kantuna masu gaban gilashi. A cikin gilashin wani kanti akwai gumakan tufafi uku, mace biyu namiji ɗaya, an sa musu kaya sun tsaya cak. Baƙon ƙauye mai ladabi ba ya wuce mutane bai gaishe su ba. Idirisu kuwa bai taɓa yi wa kowa gargaɗi ba. Sai ya ja da baya ya bar mutum ya yi sallama, ya sake, har ya fara jin haushi, sannan ya ce, "Haƙuri za ka yi, mutanen Adum haka suke." A wuce gidan waya a ga ramin da ke haɗiye wasiƙu. A je tsohuwar ganuwar soja mai jan bango, baƙo ya leƙa bakin igwa. Silima daga waje ake kallonta, a ga hotunan jikin bango a wuce, don yawancin baƙin dattawa ne. A saya wa mutum askirim mai sanyin ƙanƙara, a ja masa kunne kada ya ciza, shi kuma ya ciza, ya riƙe haɓa hawaye na zuba.

Ƙarshen zagaye shagon Masta Ampofo ne, wani Ba'asante, ɗan asalin garin, mai ɗaukar hoto, gajere mai sanƙo, wanda ya koyi Hausa a bakin baƙin Idirisu. A shagon akwai labule da aka zana wa bene da jirgin sama, akwai tarho wanda ba a haɗa shi da komai ba, akwai kujera guda mai hannuwa da sassaƙa. Baƙo ya zauna a kujerar, Idirisu ya tsaya a baya ya dafa kanta da hannun dama. Haka aka yi fiye da shekara ashirin, har fentin wurin ya goge ya bar fari daidai faɗin tafinsa. Masta ya wanke hoton a ranar, da asuba baƙo ya karɓa ya hau mota. Ka je gidajen fatake daga Sakkwato har Gawo, za ka tarar da Idirisu a bango, tsaye, fuska a murtuke kamar an aiko shi da sammaci. Shi kansa ba shi da ko ɗaya, kuma bai taɓa zama kan kujerar ba. Yakan ce kujera ta mai tafiya ce, wanda zai kwana garin gobe a bayanta yake tsayawa.

To, akwai mutum ɗaya da ta nemi wannan zagaye shekara ashirin da shida ba ta samu ba, ita ce matarsa Habsa. Daga Ƙonni aka kawo masa ita. A makon farko ya cika baki ya ce zai nuna mata Kumasi tun daga dogo har hoto. Sai aka ba ta tukunyar baƙin gidan Alhaji, kuma wanda ya san tukunyar mai masauki ya san ba ta sauka. Kokon safe, wake da shinkafar rana, tuwon dare. Kasuwa kam ta san lungu da saƙonta, ta san wace Ba'asantiya ce ke cika mudu wace ce ke danne shi da yatsa. Amma daga kasuwa zuwa sama, sai labari. Kullum baƙi suka dawo da la'asar tana zuba musu abinci tana jin yadda gumaka suka ƙi amsa sallama.

Ba wai ba ta iya hawa Adum da ƙafarta ba ne, ga shi nan ana hangowa. Maƙwabtanta sun sha cewa ta zo su je. Ta ce ita ba titi take son gani ba, alkawari aka yi mata. Duk sallah sai ta tuna masa.

"Malam, bana ma?"

"Ke da kike gida? Zagaye na baƙi ne. Garin ba inda za shi."

Gaskiyar maganar tsoro yake ji, kuma bai taɓa faɗa mata ba. Duk wanda ya kai zagaye, washegari ya bar garin. Wannan ba abin mamaki ba ne, tun da haka aka tsara. Amma sau ɗaya ya taɓa karya ƙa'ida ya kai wani maƙwabcinsa mazaunin gari, don kunya. Kafin mako ya zagayo aka aiko mahaifin mutumin ya rasu, ya tattara ya tafi, ba a sake ganinsa ba. Tun daga ranar Idirisu ya ƙudurta a ransa cewa ƙafarsa sallama ce. Malamai za su ce camfi ne, shi ma ya san camfi ne. Amma yana son matarsa, kuma bai ga dalilin gwadawa a kanta ba.

'Yarsu ɗaya ce ta rayu, Mariyama. Ta auri Musah, wani Badagombe direban motar katako, suna zaune nan cikin Zango da 'ya'ya biyu. Ita ma ba a taɓa kai ta zagaye ba, amma ita ba ta damu ba, don a garin aka haife ta, Adum ba ya mata kwarjini.

A watan Nuwamba na shekarar rediyo ya faɗi maganar da ta kifar da Zango. Duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama, an ba shi mako biyu ya bar ƙasar. Da farko Idirisu ko a jikinsa. Shi da baƙi ke bi a baya, ta ina zai zama baƙo? Sai ya ga maƙwabta suna fito da gadaje da tukwane bakin hanya suna neman mai saye. Ya ga mahaucin mai sunansa ya rufe rumfa. Tela ya kwance kan kekensa ya naɗe a bargo. Masallacin da ake cika sahu shida ya koma biyu da rabi.

Ya sa farar riga ya ɗauki laima ya tafi ofishin da aka ce ana ba da takardar. Ginin ya sani sarai, ya nuna wa baƙi shi ya fi a ƙirga, amma bai taɓa shiga ba. Kwana uku yana layi. Da ya isa gaban akawu, wani matashi mai ladabi da gajiya ta cika wa ido, aka tambaye shi fasfo. Ya ce ba shi da shi. Takardar haihuwa? Babu. Wata shaida ta shigowa ƙasar?

"Da ƙafa na shigo, ɗana. Shanu ne shaidata, su kuma an cinye su tun kafin a haife ka."

Akawun ya yi ɗan murmushi, ya ce sai ya samo fasfo daga ofishin jakadancin ƙasarsu a Ankara, babban birni, tukuna. Waɗanda suka je Ankara sun dawo sun ce layin can ya fi na nan, kuma kwanakin da suka rage ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Alhaji Kassim ya yi iya ƙoƙarinsa, amma shi ma da kyar ya tsira da fasfon aikin hajji, ga mutanen gida sama da ashirin kowa na kallonsa. Musah ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, ku zo in kai ku ƙauyenmu bayan Tamale. Mu ce kai kawuna ne. In an zo bincike ku shige ɗaki." Idirisu ya gode masa. Ya ce shekara talatin da biyar yana tafiya a tsakiyar titi da laima, ba zai ƙare a laɓe bayan rumbu ba. Ita Mariyama an ce aurenta ya tsare ta, wannan kaɗai ya sanyaya masa rai.

Ya je Kejetiya ya kama musu wuri biyu a mota. Abin da ya gagare shi shi ne gaya wa Habsa. Kwana biyu yana buɗe baki yana rufewa. Ranar jajibiri ya dawo daga sallar asuba ya same ta tana dama koko. Ya tsaya a kanta ya yi gyaran murya.

"Habsa, in kin sauke, ki sa zanenki mai kyau. Yau za mu gari."

Ludayin ya tsaya a hannunta. Ba ta ɗago ba. Ashe duk shekarun nan ta san abin da yake tsoro, ta dai bar shi ne da abinsa.

"Yaushe motar?"

"Gobe da asuba."

"To. Aika a kira Mariyama, ta riƙe mini jaka."

Suka fita da hantsi, shi a gaba da laima, ita a baya da zanen da ta yi bikin Mariyama da shi, 'yar na biye. A kasuwa layi guda cur na rumfunan mutanensu a rufe yake. Ba su tsaya ba, dama ba a tsayawa. Tashar jirgi cike take da mutane zaune kan ƙunshin kaya. Idirisu ya buɗe baki zai fara jawabin da ya saba, sai ya ga Habsa ta riga ta taka zuwa gefe, ta tattare zane, ta durƙusa ta ɗora hannu kan ƙarfen. Ta daɗe a haka. Can ta ɗago fuska a washe kamar yarinya.

"Wallahi yana rawa. Ni na ɗauka cikin ƙarairayinka ne."

A Kejetiya ba masaka tsinke. Motocin arewa an yi musu lodi har sun fi tsayinsu biyu, katifu da kwanuka da kekuna a sama. Ya kai ta ɗan tudun, amma ya kasa faɗin kalmar. Ita ta taya shi.

"Ba ka ce in faɗi sunan gari ba."

"Faɗi."

"Ƙonni."

A shekara talatin ba wanda ya taɓa kayar da laimar nan. Ya ɗaga ta a hankali ya nuna wata koriyar mota a can ƙarshe. "Waccan. Ta kai mu Bawku, daga can a canza." Habsa ta ƙare wa motar kallo kamar mai duba surukar da aka kawo mata. Ta ce tayar baya ta sha jiki, sannan ta ce su wuce wajen biri.

Da suka hau Adum ya fara samun bakinsa. Ya nuna benaye, ya ce wancan hawa biyar ne. Ta ce ai huɗu yake faɗa wa baƙi, yaushe aka ƙara? Ya ƙirga, huɗu ne. A ganuwar soja ya manta wani yanki na labarin igwa, ta ƙarasa masa kalma da kalma, har da inda yake tsayawa ya ja numfashi. Shekara ashirin da shida tana jin jawabin nan daga bakin masu cin tuwonta, ta fi shi riƙe shi. Abin ya ba shi kunya, ya kuma ba shi tausayi, don sai a ranar ya gane girman abin da ya hana ta.

A gaban kantin gilashi ya ja da baya kamar yadda ya saba. Habsa ta gyara mayafi ta matsa gaban gumakan, ta yi sallama da murya sosai. Ta tambaye su kwana, ta tambaye su gajiya, ta tambayi yara da mutanen gida. Masu wucewa suka fara tsayawa. Mariyama ta ja mata zane.

"Inna, don Allah, ai kin san ba mutane ba ne."

"Na sani mana. Zagaye aka kawo ni, ba za a rage mini komai ba." Ta juyo ta dubi mijinta. "Saura kai."

"Haƙuri za ki yi," in ji Idirisu, "mutanen Adum haka suke."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Da aka sayo askirim bai ma ƙarasa gargaɗin ba ta gatsa da gangan. Hawayen da suka zubo ta ce na sanyi ne, ba wanda ya yi mata musu.

Shagon Masta Ampofo ya cika da masu neman ƙananan hotunan takarda, layi har waje. Da ya hango laimar sai ya fito da kansa yana ture mutane. Ya dubi Idirisu, ya dubi matar da ke bayansa, bai ga wani baƙo ba. Shi ma ya san ƙa'idar. Ya cire tabarau ya goge a riga.

"Ei, Papa Idi. Kai ma?"

"Ni ma, Masta."

"Maame, akwaba, sannu da zuwa. Shekara nawa ina tambaya shi ya kawo ka, ya ƙi." Ya shigar da su ciki ya saki labulen bene da jirgin sama. Sannan ya rage murya. "Amma gaskiya, Papa, babban takarda ya ƙare, duka na yanka ya zama fasfo. Zan ɗauka yau, wankewa sai sati mai zuwa."

Idirisu ya dubi Habsa. Motar gobe ce. Habsa ta ce a ɗauka, hoton ai ba shi aka kora ba.

Ta zauna kan kujerar mai sassaƙa, ta baza zane, ta ɗora hannu kan tarhon da ba ya kira. Ƙafafun Idirisu suka kai shi bayan kujerar da kansu, tafinsa ya sauka kan farin wurin. Masta ya shige cikin baƙin ƙyallen akwatin ɗaukar hotonsa, ya leƙa. Sai ya fito, ya ɗauko kujerar da shi kansa yake zama ya yi aiki, ya ajiye ta kusa da ta Habsa, ya koma.

"A'a, Masta," in ji Idirisu. "Nan ne wurina."

Habsa ba ta waiwayo ba. Ta ce, "Malam, wa ya ce wanda zai kwana garin gobe shi ke tsayawa a baya? Ba kai ba? Zo ka zauna."

Ƙa'idarsa ce kuwa. Ya zagayo ya zauna, ya rasa yadda zai yi da dogayen ƙafafunsa, ya rasa inda zai sa laima, daga ƙarshe ya kwantar da ita a cinya. Daga nan ƙasa shagon ya yi masa dabam. Bai taɓa sanin cewa mai zama yana hango titi ta ƙofar ba, da mutane suna wucewa, kowa da inda za shi.

Masta ya leƙa ya ce bayan ya yi fili da yawa, hoton ba zai yi kyau ba. Mariyama tana raɓe a bakin ƙofa da jakar uwarta. Ba wanda ya kira ta. Ta ajiye jakar, ta taka ta bayan iyayenta, ta tsaya. Idirisu ya ji kujerar Habsa ta ɗan motsa, ya saci kallo, ya ga hannun 'yarsa a kan farin wurin, bai ma rufe shi duka ba.

"Kowa ya duba nan," in ji Masta. "Kada ya motsa."

Washegari koriyar motar ta tashi da su. Bayan sati guda Mariyama ta hau Adum ta karɓo hoton, ta rataye shi a ɗakinta. Har shekara ta zagayo ba ta sami amintaccen mai zuwa Ƙonni ba, don fatake sun daina sauka gidan Alhaji. A can Ƙonni kuwa, in mata suka taru suka tambayi Habsa yadda Kumasi take, sai ta gyara zama ta fara tun daga ƙarfen dogo, ba ta tsallake komai. Idirisu na gefe a kan tabarma yana ji, ba ya gyara mata. Sai in ta zo kan hoto ne wata za ta ce a ɗauko su gani, ita kuma ta ce yana gida, wajen Mariyama.